An yi gwajin bayan gida sau uku, an ce ba a ga komai ba, amma gudawar ta ƙi tsayawa

Admin: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata 'yar'uwa ce ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta rubuto, ban ƙara ba ban rage ba. Masu sani a taimaka don Allah.

"Salam Admin. Yayana ne ba lafiya, muna zaune a wajen Ɗorayi. Yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki shekara shida ke nan. Da yana shan maganinsa lafiya lau, sai ya daina tun bara da ya tafi neman kuɗi kudu. Yau wata biyu yana gudawa, ruwa tsululu, babu jini, a wuni sai ya zaga sau goma ko fi, da dare bokiti muke ajiye masa a gefen katifa. Ya rame har agogon hannunsa yana zamewa ya faɗi. An yi gwajin bayan gida sau uku a wuri biyu, duka takardun sun ce ba a ga komai ba. An ce taifot ne, an yi masa allurai, ya sha Flagyl har kati huɗu. Umma ta fara cewa sammu ne tunda asibiti ba su gani ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Zai yiwu a ce akwai cuta a cikinsa amma gwaji ya kasa gano ta?"

Maman Ilham: Innalillahi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. A dage da ruwan gishiri da sukari kafin masana su zo.

Baffa na Gwale: A samo masa saiwar marke a jiƙa, da garin lalle kaɗan. Mu da shi muka taso.

Malam Lab: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, amsar tambayarki ita ce e, zai yiwu, kuma kullum yana faruwa. Aikina ke nan, shekara goma sha huɗu ina zaune gaban madubin duba ƙwayoyin cuta. Bari in gaya miki abin da ake yi wa kashin da kuka kai. Za a ɗauki ɗan kaɗan da tsinke, a dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, wani lokaci a ƙara aidin, a rufe, a duba. Da wannan ana ganin ƙwan macijin ciki, da ƙwan tsutsar da ke shan jini, da amiba mai kawo atini, da jiyadiya. In ba a gan su ba sai a rubuta ba a ga komai ba. Ma'anar rubutun ita ce ba a ga waɗannan ba, shi ke nan.

Su kuwa waɗanda ke kama mai raunin garkuwa wani gida ne daban. Na gaba-gaba a cikinsu shi ne kiriptosporidiyam. Ƙwansa maikuromita 4 zuwa 6 ne (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bai kai ƙwayar jini ɗaya girma ba, ƙwan macijin ciki ya ninka shi wajen sau goma. Ba shi da launi, a cikin ruwan gishiri kamar ƙurar yis yake, ko ƙwararre sai ya wuce shi. Sai an shafa kashin a gilashi ya bushe, an rina shi da rinin Ziehl-Neelsen (ZN a taƙaice) da aka sassauta, ɗan'uwan wanda muke rina kakin masu tarin fuka da shi. A nan ne za ki ga 'yan ƙananan ƙwallaye jajaye sun fito fes a kan shuɗi. Da rinin nan ɗaya ake kama 'yan'uwansa biyu, isospora da saikulospora. Amma ba ma yin sa sai an rubuta mana a takarda, ko an gaya mana halin da mara lafiyar yake ciki.

Tambayata: a takardar da kuka kai, me aka rubuta? Kuma wanda ya rubuta ta ya san Yaya yana da cutar?

Admin: Ta ce ba su faɗa ba. Yayan ya hana, ya ce unguwa ɗaya suke da wani ma'aikacin wajen.

Malam Lab: To ga bakin zaren nan.

Abu Sumayya: Malam, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Kana nufin sai mutum ya tona asirinsa kafin a yi masa gwajin kirki? Ka san garin nan. Takarda tana bi ta hannun mai karɓar kuɗi, ta hannun masinja, ta hannun ɗalibai. Ni na san wanda aurensa ya lalace saboda takarda irin wannan da aka bari a kan tebur. Me zai hana ku riƙa yin rinin ga duk kashin da ya zo muku ruwa-ruwa?

Malam Lab: Abu Sumayya, maganarka tana kan hanya, ban musa ba. Wasu ɗakunan gwajin suna ƙoƙarin yin hakan in kashi ya zo tsululu, kuma da so samu ne kowa ya yi. Amma rinin kuɗi ne, lokaci ne, mutum ɗaya kuma yana da samfuri hamsin a gabansa kafin azahar. Sannan ba lallai a rubuta sunan cutar ba. Likita ya rubuta "gudawa ta wata biyu, a yi rinin ZN" ya wadatar, ni na gane. Wanda dole ya sani shi ne likitan da ke duba shi. In aka ɓoye wa likita, shi ma taifot zai yi ta bi.

Abu Sumayya: In haka ne da sauƙi. Amma ku ma ma'aikata ku ji tsoron Allah ku riƙe amana, don tsoron bakinku ne ke sa mutane ɓoyewa.

Sista Rabi: Gaskiya ka faɗa, kuma nauyi ne a kanmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu karɓar maganin. Ina roƙon 'yar'uwar nan: kar ku jira sakamakon kashi. Ku mai da shi inda yake karɓar magani gobe-goben nan, ko duk wani babban asibiti da ke bayarwa, Asibitin Malam Aminu Kano, ko Murtala, ko Asibitin Zana. Ba wanda zai kore shi don ya daina sha, irinsa muke nema. Maganin kyauta ne. Mutumin da ke zagawa sau goma a wuni wata biyu, rashin ruwa da gishirin jiki ne ke fara kayar da shi, ƙoda ta taɓu. Ku duba: in fitsarinsa ya ragu sosai, idonsa ya faɗa, ko ya miƙe jiri ya ɗebe shi, yau za ku tafi ba gobe ba, ƙarin ruwa yake buƙata.

Baffa, don Allah a bar jiƙe-jiƙen nan a wannan halin, musamman lalle. Ƙodarsa a wahale take.

Baffa na Gwale: To 'yata, na ji. Ku ne a kan aikin.

Dakta A.: Na karanta duka. Abin da Malam Lab da Sista suka faɗa shi ne. In ƙara abu kaɗan. Abu na farko da za mu nema a wajen Yaya shi ne adadin CD4, su ne sojojin jinin da cutar ke cinyewa. Mai lafiya yana da daga 500 zuwa sama. In suka yi ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta yi nisa, kuma a nan ne ƙananan halittun da jiki ke kora da kansa suke samun gindin zama. Kiriptosporidiyam in ya kama mai lafiya, sati ɗaya ko biyu zai yi yana zawo ya warke ko bai sha komai ba. In CD4 ta faɗi ƙasa da 100 sai ya zauna daram, wata da watanni.

Dalilin da ya sa muke nace wa gano sunan abin shi ne maganinsu ba ɗaya ba ne. Isospora da saikulospora suna jin Septrin, in an ba da adadin da ya dace cikin 'yan kwanaki za ka ga mutum ya farfaɗo. Kiriptosporidiyam ba ya jin Septrin, ba ya jin Flagyl. Akwai kuma maikurosporidiya, su ma sai da wani rinin na daban ake ganinsu don sun fi duka ƙanƙanta. Kuma ba mu manta tarin fuka na iya sauka a hanji ba, shi ya sa za a yi masa gwajinsa.

Wani abu da ke rikita mutane: za ku ji an ce za a yi masa gwajin kiripto a jini. Wannan kiriptokokus ne, naman gwari ne mai kawo sanƙarau, ba shi ne na gudawar ba. Sunan ne ya yi kama. Ana duba shi kafin a mai da mutum kan magani.

Hajiya Uwani: Dakta, ashe ba masu wannan cutar kaɗai abin ya shafa ba? Maigidana an yi masa dashen ƙoda shekara uku ke nan, kullum yana shan magungunan da ke danne garkuwa don kar jiki ya ƙi ƙodar. An ce mana ko ɗan zawo ya yi mu kira.

Dakta A.: Hajiya, daidai aka gaya muku. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Malam, ga waɗanda ake yi wa a Indiya da Masar su dawo, don haka irin Alhaji suna da yawa a Kano. Haka masu shan maganin ciwon daji, da yara masu tamowa mai tsanani. A wajen Alhaji ma akwai ƙarin dalili: gudawa kan canza yawan maganin dashen a cikin jini, kuma wani daga cikin magungunan shi kansa yana sa zawo. Sai an bincika ake rabewa.

Amma rukunin da ya fi damuna su ne waɗanda ba su ma san garkuwarsu ta yi rauni ba. Masu shan deksa (deksametazon) da firednisolon ba bisa ƙa'ida ba, magungunan rage kumburi ne da ke danne garkuwar jiki. Ana samunsu a haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, da sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki.

Ɗan Kura: Dakta ka taɓo min inda yake min ciwo. Bari in ba da labarin mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, ko wani zai amfana. Manomin shinkafa ne a Kadawa, duk rayuwarsa ƙafa ba takalmi a cikin taɓo. Da girma ya zo muka dawo da shi Kano wajenmu, ya yi shekara goma sha ɗaya bai taka gona ba. Gwiwa ta dame shi, wani mai kemis ya riƙa haɗa masa ƙwayoyi, a ciki akwai wata 'yar ƙarama fara. Yana sha sai ya miƙe garau har masallaci yake zuwa da ƙafarsa, fuskarsa ta cika, muna ta murna wai ya yi ƙiba. Wata biyar yana sha. Sai tari ya zo, da shessheƙa kamar mai asma, da kumburin ciki da amai. Aka ce asma ce, aka ƙara masa irin wannan maganin ta allura. Kwana shida yana ƙara lalacewa. Aka kai kakinsa a duba tarin fuka, sai yaron da ke dubawa ya fito da sauri ya kira likita, ya ce ba tibi ya gani ba, tsutsotsi ne masu rai suna motsi a cikin kakin. An nemo maganin an fara ba shi, amma ya riga ya yi nisa. Har yau ina tuna wasu jajayen layuka da ke fito masa a ɗuwawu da cinya suna ƙaiƙayi, yau suna nan gobe sun matsa gaba. Shekara da shekaru yana fama da su, muna cewa ƙyasbi ne.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah Ya gafarta wa Baba.

Dakta A.: Allah Ya ji ƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ɗan Kura, abin da ka siffanta shi ne istironjiloidis, ba ka bar komai ba. 'Ya'yan tsutsar suna cikin ƙasa mai damshi, ta fatar ƙafa suke shiga. Abin da ya bambanta ta da sauran tsutsotsi shi ne tana hayayyafa a cikin mutum, 'ya'yan su huda hanji ko fatar dubura su sake zagayowa, don haka ba ta buƙatar ka koma gona. An samu tsofaffin sojojin Ingila da Japan ta tsare a yankin Bama da Tailan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna ɗauke da ita fiye da shekara 30 bayan sun koma gida. Garkuwar jiki ce ke taka mata burki. Da an sha deksa burkin ya tsinke, sai su yi yawa su bazu huhu, su kwaso ƙwayoyin cutar hanji su zuba a jini, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Da yawa daga waɗanda suka kai wannan matakin ba sa tashi. Jajayen layukan nan sawun tsutsar ne a ƙarƙashin fata. A 2020, da aka fara ba masu korona deksametazon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne a kan wannan haɗarin.

Malam Lab: Kuma ita ma gwanar ɓuya ce. Ba ƙwai take zubarwa a kashi ba, 'ya'ya ne 'yan kaɗan, yau akwai gobe babu. Gwaji ɗaya na yau da kullum ya fi kuskure ta a kan ya kama ta. Akwai dabarar Baermann: a ɗora kashi a kan ƙyalle a bakin mazurari mai ruwan ɗumi, 'ya'yan su biyo ɗumin su gangaro ƙasa, bayan 'yan sa'o'i a ɗebi ruwan a duba. Ko a ɗora a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a bar shi kwana biyu, za ka ga sawun da suka ja kamar hanyar tururuwa. Ba kayan tsada ba ne, sani ne da haƙuri. Sai dai kashin da za a yi wa wannan kada a sa shi a firji, sanyi na kashe motsinsu.

Mai Kemis Kurna: Ni ina sana'ar, kuma ba zan kare masu ƙulla deksa a leda ba, laifi ne. Amma ina da tambaya. Tunda gano ta wuya ne, me zai hana kowa ya sha maganin tsutsa kawai a huta? Albendazol ba shi da tsada.

Dakta A.: Tambaya mai kyau. Albendazol ƙwaya ɗaya da ake raba wa 'yan makaranta yana kashe macijin ciki, amma bai cika gamawa da wannan ba. Maganinta aibamektin ne, wanda aka sani da Mectizan a wuraren da ake rabon maganin makantar kogi, kuma da nauyin mutum ake auna shi. Lallai likitoci kan ba da shi tun kafin a fara wa mutum doguwar jinya da deksa, ko kafin dashe, in ya taso a karkara, ko da gwaji bai nuna ba. Amma likita ne zai yanke. Wanda ya zauna a dazukan kudu maso gabas ko Kamaru yana iya ɗauke da tsutsar loa a jini, in suna da yawa aibamektin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mai ciki ma ba a ba ta haka kawai. Sannan wanda ya daɗe yana shan deksa kar ya yanke rana ɗaya, a hankali ake janyewa a ƙarƙashin kulawa.

Mai Kemis Kurna: Na ƙaru. Wallahi ban san zancen loa ɗin nan ba.

Ummu Haidar: Ni tambayata, ba a yin gwajin jini ne kawai a gane duka? Kai kashi asibiti da nauyi, balle ga babban mutum.

Malam Lab: Akwai na jini ga wasunsu, amma ga inda gizo ke saƙa. Yawancin gwajin jinin ba tsutsar yake nema ba, martanin da jiki ya mayar mata yake nema. Wanda garkuwarsa ta faɗi, martanin ma ya yi rauni, sai gwaji ya ce babu alhali akwai. Haka wasu fararen ƙwayoyin jini da muke kira iyosinofil, da kan hau in mutum na da tsutsa: deksa na danne su, sai ka ga lissafin jini tsaf. Ga mai raunin garkuwa, "babu" ba ta da ƙarfin da take da shi ga mai lafiya.

Kai kashi kuwa ga yadda ake yi. A karɓi robar a lab, kar a zuba a ledar burodi ko kwalbar magani. Kar ya haɗu da fitsari ko ruwan masai ko ƙasa. Cikin ƙaramin cokali ya isa. In ruwa ne a kawo shi cikin awa ɗaya, ba a yi da asuba a kawo bayan la'asar ba. A kawo sau uku a ranaku daban-daban. Kuma a faɗi duk maganin da aka sha, don Flagyl da maganin gyambon ciki na ruwa suna ɓoye wasu abubuwan.

Sista Rabi: Dakta ka yi maganar ta ƙwaƙwalwa, don ita ce ake kai wa masu ruƙiyya har lokaci ya ƙure.

Dakta A.: Tokzoplazma, ita ma wata 'yar ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani. Ana ɗaukarta daga naman da bai gasu ba, ko ƙasa da ganyen da kashin mage ya taɓa. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a kwance tun ƙuruciya ba ta yi musu komai ba. In CD4 ta sauka ƙasa da 100 sai ta farka a ƙwaƙwalwa: ciwon kai mai naci, rikicewa, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, ko ɓarin jiki ya saki. Gwajin jini yana nuna an taɓa haɗuwa da ita ne kawai. Hoton ƙwaƙwalwa kan nuna wasu zobba, amma tarin fuka da wani nau'in ciwon daji ma suna yin kama da haka. Don haka mukan fara magani mu sa ido sati biyu, in ita ce za a ga sauƙi ƙarara. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a yi a gadon asibiti. Septrin ɗin nan da ake ba masu cutar garkuwa kullum suna raina shi, shi ke tsare su daga ita. Kuma ba na cewa a kori magen gida. A kwashe kashinta kullum, wani ya kwashe ba mara lafiyar ba, tsire da balangu kuma a gasa su sosai.

Admin: Jama'a, kwana tara ke nan da wannan maganar, 'yar'uwar ta dawo da bayani:

"Salam. Washegari muka kai shi. Ni na shiga na gaya wa likitar komai, Yaya ya juya fuska bango amma bai hana ni ba. An kwantar da shi kwana biyar ana ƙarin ruwa. CD4 ɗinsa 61. An rubuta rinin da Malam ya faɗa, samfuri na farko ba a gani ba, a na biyu aka ga kiriptosporidiyam. Ma'aikaciyar ta bar ni na leƙa, na ga 'yan jajayen ɗige-ɗigen da idona, na zo na gaya wa Umma. Gwajin tibi da na sanƙarau ba su nuna komai ba, an mai da shi kan maganinsa da Septrin. Har yanzu yana zagawa sau biyar ko shida. An ce mana babu ƙwayar da ke kashe kiriptosporidiyam ɗin kai tsaye, sai garkuwa ta dawo. Haka ne? Kuma yara uku ne a gidan, ya za mu yi?"

Dakta A.: Haka ne. Akwai wani magani, nitazoksanaid, amma ga wanda CD4 ɗinsa ta yi ƙasa haka bai cika aiki ba. Maganin da aka mai da shi a kai shi ne maganin gudawar, sai dai yana ɗaukar makonni. Kar ya tsallake ko kwana ɗaya, ya ci gaba da ruwan gishiri da sukari bayan kowace zagawa, ya ci abinci ko kaɗan-kaɗan. In ciwon kai mai tsanani ko zazzaɓi ya zo, ku koma nan take.

Malam Lab: Batun yara: kulorin ba ya kashe ƙwan nan. A 1993 ya shiga ruwan famfon birnin Milwaukee a Amurka ya kwantar da mutum wajen 400,000. Don haka ko na famfo ne, ko na 'yan garuwa, ko na rijiya, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Man goge hannu mai sinadarin barasa ma ba ya kashe shi, sai sabulu da ruwa. Bokitinsa da butarsa a ware, a riƙa zuba musu tafasasshen ruwa. In kuna da ɗan maraƙi ko 'yan raguna a gida, kar ya riƙa share musu.

Admin: Ta ce akwai 'yan awaki biyu na Umma, ƙaninsu zai karɓi sharar. Ranar Alhamis za su koma a auna nauyinsa.